Ɗakin Ƙoran Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, malamin dabbobi ne. Shekara talatin da wani abu ya yi yana bin rugage tsakanin Gummi da Bukkuyum da Anka yana yi wa shanu allura, da farko a keke, daga baya a wani babur mai hayaƙi da ake jin tahowarsa tun daga bakin gari. A hannunsa na tashi. Ina da shekara huɗu mahaifiyata ta rasu, aka kawo ni gidansa a Gummi, matarsa ta goya ni, har yau Inna nake ce mata. Ɗa ɗaya Allah ya bar musu, namiji, ya girme ni da shekara shida. Yaya nake kiransa, amma taubashina ne, kuma ya riƙe wasan nan da gaske. Ba ya ganina bai ce ga baiwar gidansu ba, ni kuma ba na barinsa ya ci tuwo cikin kwanciyar hankali.

Ƙorai Kawu yake tarawa. Ya ce abin ya faro ne wata rana a wata ruga ta gefen Bukkuyum, da wata tsohuwa ta kawo masa nono bayan ya gama aiki. Ya shanye nonon ya ƙi mayar da ƙwaryar, ya tsaya yana juya ta yana bin zanen da yatsa. Tsohuwar ta yi dariya ta ce ya tafi da ita. Daga nan duk inda ya ga ƙwarya mai zane an jingine ta don kwanon sha da roba sun shigo, sai ya roƙa. Wasu su ba shi kyauta, wasu ya kai musu abin da suke so su yi musaya. Yana dawowa gida zai ɗauko alƙalami da tawada ya rubuta a cikin bakin ƙwaryar da ajami: rugar da ya samo ta, da matar da ta zana ta in an sani.

A shigifa ya jera su, ɗakin da ke tsakanin zaure da cikin gida. Ya sa kafinta ya kafa masa katakai a bango har sama. Manyan masakai a ƙasa, ƙananan ƙoƙuna a sama, wasu a ragaya suna lilo, ga ludaya da fayafai da akusa 'yan kaɗan. Akwai farare da aka goge da farar ƙasa, akwai waɗanda aka ƙona musu zane da wuƙa mai zafi, akwai waɗanda man shanu da hannun mata suka mayar da su jajaye kamar fata. Ɗakin yana da wani ƙamshi nasa, na tsohon nono da hayaƙi. Ban taɓa jinsa a wani wuri ba.

Mutane suna yi masa dariya, ya sani. Inna ce kan gaba.

“Namiji da jere kamar amarya,” in ji ta. “Ni da anka kawo da jerena na daɗe da rabar da shi, kai ko yanzu kaka tara naka.”

Sai ya ce, “Ke kin rabar, shi ya sa ni nika tarawa.”

Yaya bai taɓa zama a ɗakin nan ya yi minti biyar ba. Ni kuwa ina zama, ba don na fi shi hankali ba, don dai Kawu ya iya ba da labari. Yakan ɗauko ƙwarya ya ce, “Dubi nan, ɗiyata. Wagga mata hagu gare ta, kin ga inda wuƙar ta karkata?” Ko ya ce wannan da waccan 'ya da uwa ne suka zana, uwar ta fi haƙuri, 'yar ta fi ƙarfin hali. Har na yi aure aka kai ni Anka, na fara koyarwa a makarantar firamare, duk zuwana gida sai ya nuna mini baƙin da suka shigo ɗakin bayan tafiyata. Baƙi yake ce musu. Shekarar da gubar dalma ta kashe yara a ƙauyukanmu, ya je 'Yargalma gaisuwa ya tarar mata suna fitar da tsofaffin kaya daga gidaje don tsoron gubar. Ya dawo da ƙorai huɗu, ya wanke su sau ban san adadi ba, ya ware musu katako nasu can sama. Waɗannan ba ya ba da labarinsu.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Da aka yi mini waya na taho daga Anka, na same shi a kwance a tabarma cikin shigifar, don ya ƙi a kai shi ɗakin Inna. Washegari bayan la'asar ya sa aka kira limamin unguwa da maƙwabta biyu. Ya ce liman ya rubuta. Ƙoran nan, in ji shi, ya ba da su saboda Allah. Kada a raba su, kada a sayar, kada ko ɗaya ta fita daga ɗakin nan. Ranar kasuwa a buɗe ƙofa, duk mai son gani ya shigo. Sannan ya laluba ƙarƙashin matashinsa ya ɗauko makulli ya miƙo mini.

Na ce, “Kawu, ga Yaya.”

Ya ce, “Na san da shi. Ke na ba. Kin amsa?”

Na ce na amsa. Ban yi tunanin nisan Anka da Gummi ba, ban yi tunanin komai ba. Kwana biyu bayan nan ya cika.

Yaya yana aiki a Kaduna. Bai samu jana'iza ba, sai ranar uku ya iso. A zaure, cikin mutane, liman ya karanta masa wasiyyar. Ina daga cikin gida ban ga fuskarsa ba, amma da ya shigo gaida Inna ya wuce ni bai ce ga baiwa ba. Na ɗauka zafin rashi ne.

Bayan sadakar arba'in ya dawo, wannan karon da baƙo. Wani mutum ne mai fara'a daga Abuja, yana da gidan da ake nuna kayan gargajiya. Yaya ya ce in buɗe musu ɗakin, na buɗe. Ba zan yi wa mutumin ƙarya ba, ya san abin da yake kallo. Da hannu biyu yake ɗaukar ƙwarya. Ya karanta ajamin Kawu ba tare da an taimake shi ba. Ya ce shekarunsa yana wannan aiki bai taɓa ganin wanda ya rubuta sunayen matan ba. Ya ce in an yarda zai sa su a gilashi, a ɗaki mai sanyi, a rubuta sunan Kawu a ƙofa, baƙi daga ko'ina su gani.

Da ya fita zuwa mota, Yaya ya juyo gare ni.

“To, kin ji.”

Na ce, “Na ji. Amma ka san abin da Kawu ya ce.”

“Ɗaga kanki ki dubi rufin nan.” Na duba. Azara biyu sun yi baƙi da ruwa. “Dubi gindin bango. Wancan ba gara ba ce? Ke kina Anka. Hanyar nan yanzu sai mutum ya yi alwala ya yi sallama da iyali kafin ya hau. Sau nawa za ki zo a shekara? Wa zai buɗe ranar kasuwa? In an buɗe ma wa zai zo? Shi kansa yana da rai, mutum nawa kika gani suna shigowa?”

Babu abin da ya faɗa da ba gaskiya ba. Shi ya sa na ji haushi. Na ce masa shekara arba'in bai taɓa tambayar sunan ƙwarya ɗaya ba, yau da baƙo ya yaba su ya san suna da daraja. Bai kamata in faɗi haka ba. Ya dube ni ya ce, a hankali, “Ubana ne fa. Ya haife ni, ya tsallake ni ya ba ki makulli, kuma a bakin liman na ji.” Na kulle ɗakin na shige cikin gida.

Kwana uku ana kai da kawo. Dangi suka rabu. Wasu suka ce ai ƙorai ne, mene ne abin rigima, a ba ɗa abin ubansa. Wata gwaggo ta same ni a bakin murhu ta ce mace da aurenta a wani gari me ya kai ta riƙe makullin gidan da ba ta da gado a cikinsa. Wasu kuma suka ce maganar mamaci ba abin wasa ba ce. Ni ko barci nake sai in ji tambayar Kawu, kin amsa?

A ƙarshe aka yarda a zauna. Liman ya gayyato wani tsohon alƙali da ya yi ritaya, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida da hantsi don Inna tana takaba, tana daga ƙofar ɗakinta bayan labule tana ji. Alƙalin ya sa aka karanta takardar, ya tambayi shaidu biyu ɗaya bayan ɗaya ko Kawu yana cikin hankalinsa. Suka ce ƙwarai. Ya tambayi abin da ya bari, aka ce gida da gonaki biyu da 'yan dabbobi. Ya ce to ƙoran ba su kai sulusin dukiya ba, kuma ba magaji aka yi wa wasiyyar ba, saboda haka ta tsaya, babu mai ikon taɓa ta. Na sauke ajiyar zuciya.

Sai ya ƙara da cewa, “Amma ƙorai ya ba da, bai ambaci ba da ɗaki ba. Ɗaki yana cikin gida, gida kuwa gado ne. In mai gida bai yarda su zauna ba, sai wadda aka ba amana ta nema musu wurin da ya fi kusa da nufin mamaci.”

Yaya ya gyara zama. Ya ce shi dama yana da niyyar rushe shigifar ya sake gini, don ta tsufa. In kuwa dole su fita daga ɗakin, to wurin da za a kula da su ya fi. Bai dube ni ba yana maganar. A Anka ɗaki biyu muke da shi da yara biyar. Ba ni da inda zan kai ko masaki ɗaya.

Daga bayan labule Inna ta yi gyaran murya.

“Malam, ni mi ag gare ni cikin gidan ga?”

Alƙali ya ce, “Tumuni, Hajiya. Kashi ɗaya cikin takwas na duk abin da ya bari.”

“Shigifar ga ta kai tumuni?”

Ya yi murmushi ya ce ko kusa ba ta kai ba.

“To a ba ni ita cikin rabona. In an yarda.”

Yaya ya ce, “Inna, ke da kullum kike cewa sun tare miki hanya?”

“Sun tare,” in ji ta. “Shekara nawa ina kewaye su in na hita. Na saba. Kai ka ga ubanka a hoto in ka so, ni can nika ganinai.”

Alƙali ya ce wannan sai da yardar ɗa, tunda ba a riga an raba ba. Yaya ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce ba zai yi jayayya da mahaifiyarsa a kan ɗaki ba. Aka shafa fatiha. Da azahar ya shiga ya yi wa Inna sallama, ya hau mota. Ni bai neme ni ba.

Na yi nasara ke nan, haka mutane suka ce. Ni ban ji daɗin da na zata ba. Tun ranar Yaya ya koma kirana Malama. In mun haɗu a biki ko rasuwa zai gaishe ni da kyau, ya tambayi maigida da yara, ya wuce. Da ya zage ni ma da na fi so.

Maganarsa kuma ta soma tabbata tun ba a je ko'ina ba. Wata biyu na farko na yi ƙoƙari ina zuwa, daga baya hanya ta ƙara lalacewa, maigidana ya ce ba zai hana ni ba amma in tuna da yara. Na je wurin liman na tambaye shi ko ya halatta in yanka makulli na biyu. Ya ce nufin mamaci a buɗe ƙofa ne, ba a rataye makulli a Anka ba. Na yanka na ba Inna. Da ta fita takaba ta fara buɗewa. Takan sa kujera 'yar tsugunne a bakin ƙofar ta zauna da carbinta. Ba ta iya karatun ajami ba, ba ta san labarin ko ɗaya ba, amma ta san inda kowace take, in an ɗauka sai an mayar da ita gurbinta.

Masu zuwa ba su da yawa. Wata ranar kasuwar babu kowa. Wani malamin makaranta yakan kawo ɗalibansa sau ɗaya a zango. Waɗanda suka fi zuwa mata ne da rashin zaman lafiya ya koro daga ƙauyuka da rugage suka tare a Gummi. Inna ta ce wasu ba sa ko taɓawa, su shigo su zauna a ƙasa su yi shiru, su tashi su yi godiya.

Damina ta biyu gara ta hau ta bayan katakon ƙasa ta cinye masakai shida kafin a lura. Da na zo na ɗaga ɗaya sai ta ruguje a hannuna, rubutun Kawu ya tafi tare da ita. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar da ya rasu. Na ga ya kamata Yaya ya ji daga bakina, na kira shi na faɗa masa. Na shirya jin ai na gaya miki. Ya ce, “Allah ya kyauta,” ya kashe. Bayan sati biyu magini ya zo da kwanon rufi da siminti. Ya ce mai gida ya aiko shi ya gyara wa Hajiya ɗakinta. Na kira Yaya in yi godiya, ya ce ba sai na gode ba, ɗakin uwarsa ne.

Bara, wata ranar kasuwar Gummi, ina aji wajen ƙarfe sha ɗaya Inna ta kira ni. Ba ta saba kira a wannan lokacin ba, na fita baranda na ɗauka.

“Ɗiyata, ga wata baƙuwa nan ta riƙe ƙwarya ta ƙi saki. Ta ce ta uwatta ce. Yi magana da ita.”

Na ji an miƙa waya. Muryar mace ce babba, Hausarta da nauyin Fillanci. Ta ce tana shigowa ta gane ta, akwai wani zane kamar sawun tsuntsu da mahaifiyarta kaɗai ke yi a ƙarƙashin baki. Na ce a nemi mai karanta ajami. Aka kira wani maƙwabci ya karanta sunan rugar da sunan matar. Na ji ta ce, “Inna am,” sau biyu, wato mahaifiyata da Fillanci. Sannan ta ce rugar tasu babu ita yanzu. Da kayan jikinsu suka fito. Ba ta da ko zare na mahaifiyarta. Ta ce ba ta zo da niyyar roƙo ba, amma ko za a taimake ta.

Na tsaya riƙe da waya, yara suna ta surutu a bayana. Na tuna a kan wannan kalma ɗaya, kada ko ɗaya ta fita, na ɓata da ɗan'uwana. In na ba ta, da wane ido zan dube shi? In na ba ta, gobe wata ta zo fa? Na ce mata ta yi haƙuri, wasiyya ce, ba ni da iko. Na ce ƙofa a buɗe take, duk ranar kasuwa ta zo ta gan ta, ta riƙe ta yadda take so.

Ta ce, “To. Allah ya jiƙan mai ɗakin.”

Na koma aji na ɗauki alli, na kasa rubuta komai. Ba a tashi hutun tara na biyu ba na sake fita na kira Inna na ce ta ba ta, in laifi ne yana wuyana. Inna ta ce ai matar ta tafi. Ta goge ƙwaryar da bakin mayafinta, ta mayar da ita gurbinta da kanta, ta fita. Aka tura cikin kasuwa wajen masu nono, ba a gan ta ba. Inna ba ta tambaye ta inda ta sauka ba, ni ma ban tambaya ba.

Matar ba ta sake zuwa ba. Na sa an kwafo mini sunan rugar da na mahaifiyarta a takarda, ina yawo da ita a jaka. Na tambayi masu tallan nono a Anka, na ba wata abokiyar aikina 'yar Bukkuyum ta tambaya mini a can. Wata tsohuwa ta ce ta san mutanen, ta ji an ce sun yi wajen Kebbi, wata kuma ta ce a'a, kudu suka nufa da sauran shanunsu. Na bar wa Inna saƙo, in Allah ya kawo ta ko wani nata, kada a tsaya kirana.